Amfar da Muka Zaɓa wa Shekwolo

Ku ja benci ku zauna, tunda kun ce tambaya kuka zo da ita. Kai mai jar hula, sauke ƙafarka daga kan sifikar nan, ba kujerar gidanku ba ce. To, na ji. Kuna da wasa ƙarshen wata, kiɗan metal kuke yi, kuna son amfilifaya mai ƙarfi wadda za ta girgiza wuri. Kun duba a waya kun ga hoton wata, kun zo in ce muku ita ce ko ba ita ba ce. Wato a ganinku aikina ke nan, in ɗaga kai ko in girgiza shi. Da haka abin yake, da tuni mai shayin bakin layi ya ƙwace mini sana'a.

Sunana Sale. A nan unguwar Dutse Alhaji ta Abuja, Oga Sale Mai Amfa ake kirana, don mu 'yan sana'a ba ma wahalar da baki, amfa muke ce wa amfilifaya. Furfurar nan duk a kan teburin gyara ta fito. Na gyara ta masallaci, na gyara ta coci, na gyara ta masu kiɗan biki, har da ta masu tallan maganin basir da ke ɗaure lasifika a kan mota. Kowa da abin da yake so. Liman yana so a ji shi har bayan layi. Fasto yana so muryarsa ta yi kauri. Mai maganin basir kuwa ko tana tsaga kunne ba ruwansa, in dai ba ta mutu masa a tsakiyar kasuwa ba. Amma duk cikinsu babu masu wuyar sha'ani irinku, domin ku kaɗai ne kuke zuwa neman abin da sauran jama'a suke kawo mini in cire musu.

Aikin farko da aka bari na sa hannu a ciki, a shagon Malam Tanimu ne a Kaduna, amfar wani tsohon gidan sinima mai kwalabe. Kwalaben nan su ne kuke gani cikin tsofaffin amfa suna yin ja in sun ɗauki zafi. Kafin in taɓa komai, Malam ya kama hannuna na hagu ya cusa mini shi cikin aljihun wando, ya ce, "Nan zai zauna har ka rufe murfi." Amfa mai kwalba tana riƙe wuta a cikinta ko an zare ta daga soket, wutar da za ta iya kayar da ƙato. In hannu ɗaya ne a ciki, ta fizge ka ta bar ka. In biyu ne, ta bi ta ƙirji. Har gobe in na buɗe irinta, hannuna da kansa yake neman aljihu. A wurinsa na koyi cewa ba a kunna ta babu sifika a jone, kuma sai an bar ta ta yi ɗumi kafin a sa ta aiki. Yana da wata ɗabi'a kuma da ta daɗe tana ba ni dariya. In ya gama gyara, ba ya sa kiɗa, ba ya gwada makirfo. Sai ya kunna amfar haka nan, ya kai kunne jikin sifika, ya rufe ido. Na fi shekara ina ɗauka gyangyaɗi yake yi. Ashe huci da zizar da ke fita in ba kowa na magana yake saurare, da su yake gane ko aikin ya yi.

Abin da kuke kira geyin, maɓallin nan da kuke murɗawa har ƙarshe tun kafin ku gaisa da mai shago, aikinsa shi ne ya ɗura wa kwalbar farko fiye da abin da za ta iya ɗauka, sai sautin jita ya fashe, ya yi kaushi, ya koma gurnani. Gurnanin nan shi ne kiɗanku, na yarda, ni ma yanzu kunnena ya saba har ina jin daɗinsa. Amma geyin bai san abin so da abin ƙi ba. Yana ƙara wa jita ƙarfi, yana ƙara wa hucin waya, da zizar janareta, da ta fitilar da ke saman kanku. Ga kuma maɓallan nan uku, na ƙasa, na tsakiya, na sama. Duk wanda ya koyi metal a ɗaki da abin kunne, sai ya ƙure na ƙasa da na sama ya kashe na tsakiya. A ɗaki daɗi gare shi, ba ƙarya. A dandamali kuwa mai bes, jitar nan mai kaurin murya, ya riga ya zauna a ƙasa, farantan mai ganga sun mamaye sama, tsakiyar nan da ka kashe ita kaɗai ce gidanka. Sai a ga hannunka yana ta aiki, ba a jin abin da kake cewa.

Waccan da ke kusurwa lulluɓe da bargo, kada ma ku tambaya. Ba ta haya ba ce, ba ta sayarwa ba ce. Ta Shekwolo ce. Bari in ba ku labarin yadda muka zaɓe ta, in kun ji, kwa san abin da kuka zo nema.

Shekwolo ɗan Gbagyi ne, mai gyaran wutar mota a Apo, abokansa Sheko suke ce masa. Ran Lahadi yana kaɗa wa cocinsu jita a hankali kamar mutumin kirki, sauran ranaku kuwa shi da abokansa uku suna da ƙungiyar metal. Ya fara zuwa nan shekara guda kafin korona, da rigar aiki duk baƙin mai, jita a goye, 'yar amfarsa ta ɗaki a hannu. Ya nuna mini hoto a waya, wata ƙatuwa bisa akwatunan sifika biyu.

"Oga Sale, wannan nake so. Wat ɗari. In babu, wanda ya fi kusa da shi."

Na ce, "A filin ƙwallo za ku yi wasan?"

"A'a, gadin ne a Gwarinpa."

Kun san gadin ɗin Abuja, ɗan lambu ne da kujerun roba da mai gasa kifi a gefe. Na ce masa ƙatuwar nan in ya kai ta can ko rabin bakinta ba zai iya buɗewa ba, amfa mai kwalba kuwa sai an buɗe ta take magana. Na tambaye shi me ya sami wasanninsu na baya. Ya ce mutane suna tsalle, suna kaɗa kai, amma in an tashi ka tambayi mutum me jita ta kaɗa, ba mai iya faɗa. Ya murza baƙin man da ke yatsunsa, sannan ya ce, "Ni ba mutane ne damuwata ba, Oga. Mutum ɗaya nake so ya ji."

Mahaifinsa yake nufi. Inda gidajen Gwarinpa suke a yau, ta can baya, gonakin doyar ƙauyensu ne a da. In an yi gayya, maza sun jeru da garma suna tada kunya, babansa ne mai ba da waƙa. Kafin Sheko ya yi wayo gari ya cinye gonakin, aka watse, su suka koma wajen Bwari, tsohon ya kama aikin gadi. Sheko bai taɓa ganin gayya da idonsa ba. Waƙar dai ya tashi da ita a kunne, domin kullum tsohon na zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran wani abu, yana rera ta shi kaɗai ƙasa-ƙasa. Ita ce Sheko ya ɗora a kan jita, ya mai da ita metal. Ya taɓa ɗaukar wasansu a waya ya kai masa. Tsohon ya saurara kaɗan, ya ce a kashe abin nan, kansa na ciwo. Ko alama bai gane waƙarsa ba ce.

Sheko ya ce, "Abokan gayyarsa duk sun mutu ko sun ɓace. Shi kaɗai ya rage wanda ya san waƙar nan. In na kaɗa a gabansa bai gane ba, to ban iya ba ke nan, gara in ajiye jita in riƙe sifanar gareji."

Na ce ya kaɗa mini in ji. Ya jona 'yar amfarsa, geyin a ƙure, tsakiya a kashe, kamar yadda na zata. Waƙar mai nauyi ce, tana tafiya taki-taki. Sai ya kaɗa layi ɗaya ya tsaya cak, ya daɗe, sannan ya ɗauki na gaba ya sake tsayawa. To duk inda ya tsaya, amfar sai ta ɗauki kuka, wani tsinin ihu mai shiga haƙori. Na ce, "Wannan tsayawar fa, ba za a cike ta ba? Mai ganga ya yi wani abu a wurin mana." Ya girgiza kai, ya ce haka waƙar take, ba ya taɓa ta. Nan na san aikin da ke gabana. Muna neman amfar da za ta yi gurnani ta kuma fito da waƙa sarai, sannan in an ce tsaya, ta tsaya.

Ba a zaɓen amfa a shago. Ku riƙe wannan ko da kun manta da sauran. Shago yana da bango huɗu masu yi wa kowace amfa ƙarya, kuma babu ganga a ciki. Na ce wa Sheko ya nemo mana fili, ya zo da mai gangarsu, wani Bayarabe mai suna Tobi, wanda in ya zauna kan ganguna sai ka ɗauka sun ci masa amana. Wata Lahadi bayan an taso coci muka haɗu a garejin ogan Sheko a Apo, ranar ba aiki, sai matattun motoci da kare. Na kai amfa uku a bayan a-kori-kura. Su suka tsaya a inuwar wata tifa, ni kuma na koma can nesa jikin wata bas da ba taya, inda 'yan kallo za su tsaya. Mai jita ba ya jin amfarsa, sautin ta gwiwarsa yake wucewa. Na nesa ne mai ji.

Ta farko ba ta da kwalba, irin ta zamani ce mara nauyi, ga ƙara. Shi kaɗai yana kaɗawa sai murmushi yake. Tobi na shigowa, ta koma kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta, na ɗaga musu hannu su bari. Ta biyu ita ce ƙatuwar da yake mafarki, na aro ta a wurin wani abokin sana'a don ya ji da kunnensa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kai, tana da murya. Da ya buga, ƙura sai da ta zubo daga jikin tifa, karen ya bar garejin. Amma ɗan janaretan da muka zo da shi ya fara tari, kuma wurin tsayawar nan ihunta ya fi na 'yar amfarsa muni. Da muka rage ta daidai abin da gadin zai ɗauka, sai ta lanƙwashe, ta zama ba ita ba.

Ta uku ita ce waccan ta cikin bargo. 'Yar gwanjo ce, wat hamsin, fatar jikinta a yage, maɓalli ɗaya ma na tsohuwar rediyo na sa mata. Sheko ya dube ta ya dube ni. Na ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Na sa geyin a rabi, na ɗaga tsakiya, na rage ƙasa. Ya kaɗa layi ɗaya shi kaɗai, ya ɓata fuska.

"Oga, wannan ba metal ba ne. Tsirara na ji ni."

Na ce, "Tobi, shiga."

Na koma jikin bas ɗina. Ganga ta shigo, bes ya shigo, sai ga jita a tsakiyarsu tsaye da ƙafarta, ana jin kowace igiya. A karon farko na ji waƙar a matsayin waƙa, mai hawa da sauka, irin wadda mutum zai iya bi da baki. Na kira Sheko, na karɓi jitar na ba mai bes ya riƙa buga masa layi ɗaya, shi kuma ya zo ya tsaya inda nake. Ya saurara, ya gyaɗa kai. Amma tsirarar da ya faɗa gaskiya ce. Geyin mai yawa bargo ne, yana rufe kuskuren yatsa. Da muka yaye, sai ga wuraren da hannunsa yake zamewa, shi ma ya ji su. Na ce masa amfa ta yi nata, saura nasa. Ita ya saya.

Aikin shirun ne ya fi cin lokaci. Na canza kwalbar farko da wata da na daɗe ina ɓoyo, don ita ce mai yawan huci. Na buɗe cikin jitarsa na shimfiɗe ramin wayoyin da takardar gwangwani, irin ta naɗe kifi, don kada ta riƙa tsintar zizar fitila. Na yar da doguwar wayarsa ta kasuwa na haɗa masa gajera da hannuna. Na hana shi tsayawa fuska da fuska da sifika, na koya masa ya riƙa murɗe maɓallin jikin jita da ɗan ƙaramin yatsa duk inda zai tsaya, tafin hannu a kan igiyoyi. Akwai ɗan akwatin da ake sayarwa mai datse huci, mun sa shi, amma kaɗan, don in ka matsa masa yana yanke wutsiyar sauti. Ya riƙa zuwa nan in ya tashi aiki, ya yi ta maimaita layi ɗaya har maƙwabcina tela ya haddace. Aka sa ranar wasa, aka gaya wa tsohon, da ƙyar ya ce zai zo.

Sai aka yi kullen korona.

Ku kuna makaranta a lokacin, hutu kuka gani. Mu masu cin abinci da taro mun ga abin da ba mu taɓa gani ba. Ba biki, ba coci, ba wa'azi, ba ko mai tallan magani. Shagon nan in na faki ido na buɗe, sai in zauna ni da ƙudaje. Kayan hayata na bi su ɗaya bayan ɗaya na sayar don a ɗora tukunya, har mitar gwajin wutar da Malam Tanimu ya ba ni ranar da ya sallame ni, kuma ita har yau tana yi mini ciwo. Sheko ma aiki ya tsaya masa, ba mota a hanya balle ta lalace. Amfar tana wurina don ɗakinsa yana yoyo. Wani mai kiɗan biki ya yi ta zarya a kanta, Sheko da kansa ya bugo mini waya ya ce in na matsu in sayar, ba zai riƙe ni ba. Na ce masa ya bar maganar. Damina ta shigo, sanyin ƙasa kuwa shi ne ajalin amfa mai kwalba, don haka duk mako in an kawo wuta sai in kunna ta ta yi ɗumi, in zauna kusa da ita ina kallon jan kwalabenta. Ban san ina kewar hayaniyar yaran nan ba sai a lokacin. Wallahi har bugun Tobi mai sa ciwon kai na yi marmari.

A cikin shekarar nan tsohon ya kwanta ciwo. Ya tashi, amma ya tashi da sanda, kunnen hagu kuma ya tafi. Da aka buɗe gari, Tobi ya zo da labarin ya sami hanyar fita ƙasar waje, saura 'yan makonni. Ba Tobi, ba ƙungiya, kowa ya san haka. Wasa ɗaya ya rage musu, kunnen dama kuma shi kaɗai ya rage wa tsohon.

Ranar wasan tun da hantsi na isa gadin ɗin. Abin da na fara yi, na kafa rodi a ƙasa bayan dandamali, na zuba masa ruwan gishiri, na ɗaura wayar ƙasa daga amfar zuwa jikinsa. Mai wurin ya tsaya yana kallona, ya ɗauka asiri nake binnewa. Wutar janareta ba ta da inda take zubar da dattinta, in ba ka ba ta hanya ba, ta sifika take fitowa. Na sa aka ja janaretan can bayan katanga, na raba layin amfa da na firij ɗin lemo. Da la'asar aka sa wasan, don a mai da tsohon Bwari da sauran haske. 'Yan kallo sun zo da baƙaƙen riguna suna ta gunaguni, wai wa ya taɓa jin metal da rana tsaka, ga gumi yana wanke musu kwalli.

Na yi salla na dawo, na tarar an kawo tsohon. Ɗan siririn dattijo ne cikin kwat ɗin zuwa coci da ta yi masa yawa. Sheko ya sa masa kujera a gaba don girmamawa. Na ce a'a. Na gaishe shi, na ce, "Baba, zo in kai ka inda ya fi." Na kai kujerar tsakiyar fili, daidai inda bakin sifika yake kallo, na karkata ta yadda kunnen dama zai fuskanci dandamali, na ja tawa na zauna kusa da shi.

Suka fara da waƙoƙinsu na yau da kullum. Amfar tana yi yadda nake so, yara suna ta kaɗa kai. Tsohon ya dafa sanda da hannu biyu, fuska a rufe, yana kallon mai gasa kifi. Sheko kuwa ko sau ɗaya bai dubi inda muke ba. Bayan waƙa ta uku dattijon ya matso ya ce mini, "Malam, wannan abu yaushe zai ƙare? Hanya yana da nisa."

Na ce, "Saura ɗaya, Baba."

Sheko ya goge hannu a wando, ya dubi Tobi, suka shiga. Layin farko ya fito da nauyinsa, sarai, sannan duk su huɗun suka tsaya cak. Amfar ta yi tsit. Ba huci, ba kuka. Har ƙarar man kifi a kan wuta na ji. Tsohon ya ɗago kai.

Layi na biyu ya wuce, suka sake tsayawa. Na ga yatsunsa sun damƙe kan sandar, leɓensa yana motsi. A tsayawa ta uku sai na ji murya a gefena, 'yar siririya, a dushe, tana rawa. Da Gbagyi yake yi, ban san me yake cewa ba, amma ba abin da jita ta kaɗa yake maimaitawa ba. Wani layi ne daban, gajere, wanda ya shiga ramin shirun nan daidai, ya ƙare a inda jita za ta ɗauka.

Tobi ya tsaya da sanduna a sama, ya manta da shigarsa. Sheko ne ya ɗauki layi na gaba shi kaɗai, idonsa a kan ubansa, ya kai ƙarshe ya danne igiyoyi. Tsohon ya dafa kafaɗata ya miƙe tsaye, ya sake amsawa, wannan karon da ƙarfi, yana buga sanda a ƙasa. Bugun nasa bai kai saurin nasu ba, saurin mai ɗaga garma ne, sai Tobi ya bi sandar ya sassauta. Haka suka tafi har ƙarshe, jita ta faɗa, tsoho ya amsa. Masu baƙaƙen riguna ba wanda ya yi tsalle. Da aka gama ya zauna yana haki, ya goge ido da hannun kwat, ya ce mini, "Yaron ya iya. Amma yana sauri."

Tobi ya tafi a watan. Tsohon bai ga damina ta gaba ba. Sheko ya sami aiki a Fatakwal, wutar jiragen ruwa yake gyarawa, ya bar mini amfar ya ce zai zo ya ɗauka in ya sami abokan kiɗa. Shekaru ke nan. Mukan yi waya da salla da Kirsimeti, kullum sai ya ce yana nan tafe. Ina kewarsa, ina kewar yammacin nan, na kuma san ko ya dawo ba za a sake irinsa ba. Ku dai in da gaske kuke, ku nemo fili ran Lahadi, ku zo da mai gangarku, kuma kafin nan kowa ya san wa yake so ya ji shi.

Da mutane suka watse a ranar, aka sa tsohon a mota yana jira, ni da Sheko muka tsaya naɗe wayoyi, muna jiran kwalabe su huce kafin a ɗaga amfar. Ya naɗe waya ɗaya ya warware, ya sake naɗewa. Na ce, "To, ya gane. Sai ka bar maganar ajiye jita."

Ya dubi motar, ya ce, "Oga Sale, tun ina yaro nake jin yana yin shiru a wuraren nan. Na ɗauka numfashi yake ja. Ashe duk shekarun nan jira yake a amsa masa."